Kyaftin Sobel na Band of Brothers: mugu ne, ko shi ya gina sojojin?

Wani ɗan'uwa ya turo tambaya, ya ce ya fara kallon Band of Brothers, fim ɗin nan mai dogon zango na sojojin laima na Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu, ya gama kashi na farko ransa a ɓace saboda yadda Kyaftin Sobel ke gallaza wa yaransa a wajen horo. Amma da ya yi gaba sai ya ga yaran nan sun zama gwanaye a fagen fama, shi ne yake tambaya: to ashe ba zaluntar mutumin aka yi ba da aka ƙwace kamfanin daga hannunsa, kuma ashe ba tsananin ne ke yin soja ba?

To ƙanena, ni dai a wajena abu biyu ne kuma dukkansu gaskiya ne. Sobel ne ya gina jikin yaran nan da juriyarsu, wannan ko waɗanda suka tsane shi a cikinsu sun yarda da hakan daga baya. Kuma cire shi da aka yi kafin a shiga yaƙi daidai ne ɗari bisa ɗari, da ni ne kanar ɗin abin da zan yi kenan. Na sa kaki na shekaru, wani ɓangare na aikina kuwa koyar da kurata ne, don haka maganar nan ba daga kallon fim kaɗai nake yin ta ba.

Bari in fara da wurin da abin ya faru don ka gane dalilin tsananin. Fim ɗin HBO ce ta fitar da shi a watan Satumba na 2001, kashi 10 ne, Steven Spielberg da Tom Hanks ne suka tsaya a kansa, kuma daga littafin Stephen Ambrose na 1992 aka ɗauko labarin. Mutanen ciki na gaske ne, kamfani ne guda da ake kira Easy, a bataliya ta 2 ta rejimanti ta 506, ƙarƙashin runduna ta 101. A 1942 aka haɗa su a sansanin Toccoa da ke jihar Jojiya, lokacin sojan laima sabon abu ne a Amurka, Jamusawa ne suka nuna wa duniya abin da zai iya yi a 1940 da kuma tsibirin Kirit a 1941. Babu wanda aka tilasta wa shiga, kowa da ƙafarsa ya zo, kuma wasu da yawa kuɗi ne ya ja su, don ana ƙara wa ƙaramin soja dala 50 a wata ta tsalle, hafsa kuma dala 100, a lokacin da albashin farabiti gaba ɗaya dala 50 ne, ka ga ninki kenan. Cikin waɗanda suka zo Toccoa kusan mutum ɗaya cikin uku ne ya kai ƙarshe, sauran an sallame su.

Me ya sa ake tankaɗe su haka? Saboda sojan laima ba kamar sauran sojan ƙasa ba ne. Shi ana jefa shi ne a bayan abokan gaba, galibi da dare, babu tankar yaƙi a gefensa, babu igwa mai nauyi, babu motar da za ta kawo masa harsashi ko abinci, abin da ke jikinsa shi ne dukiyarsa har sai sojojin ƙasa sun iso. Kuma sau da yawa ba ya sauka inda aka yi niyya, zai iya faɗowa shi kaɗai a gonar wani, bai ga hafsansa ba, bai ga sajansa ba. Irin wannan mutum dole a tabbatar ƙafarsa za ta ɗauke shi ko ya kwana uku bai yi barci ba. Shi ya sa gudun dutsen Currahee, mil 3 hawa mil 3 sauka, wato kusan kilomita 5 kowanne, da tafiyar dare da kaya a baya ba a shan ruwa, ba mugunta ba ce zalla. A watan Disamba na 1942 bataliyar nan ta taka da ƙafa daga Toccoa har Atlanta, sama da mil 110 cikin kwana uku, cikin sanyi da taɓo. Daga nan sai Fort Benning, inda ake fara tsalle daga hasumiya, sannan tsalle 5 daga jirgi kafin a maƙala maka tambarin fukafuki a ƙirji. Kuma wani abin da mutane ba sa lura da shi, duk tsawon yaƙin sau biyu kacal kamfanin Easy ya yi tsalle cikin wuta, Nomandi a Faransa da kuma Holan. Laimar hanya ce kawai ta isa wajen aiki, aikin kansa na ƙafa ne da bindiga.

A wannan fannin Sobel ya yi abin da ya kamata har ma ya wuce. Kamfaninsa ya fi sauran gudu, ya fi su tsafta, ya fi su saurin haɗa makami, kuma duk da shi ba mai ƙarfin jiki ba ne a halitta yana gaba a gudun dutsen, ba ya zama a mota ya ce ku je ku dawo. Wannan a ba shi haƙƙinsa.

Inda ya faɗi wuri biyu ne, kuma na biyun shi ne ya kashe shi.

Na farko, akwai bambanci tsakanin wahalar da ke da dalili da wulaƙancin da babu komai a bayansa sai son a ji tsoronka. Soja ya san bambancin nan tun satinsa na farko, wallahi ya sani. Ka sa kurtu ya yi tsallen kwaɗo saboda ya bar bindigarsa da datti, zai zage ka a ransa amma ya san laifinsa ne, gobe ba zai sake ba. Amma ka zo fareti da niyyar sai ka samu laifi ko babu, ka duba bindiga mai ƙyalli ka ce akwai tsatsa, ka soke fas ɗin ƙarshen mako, wato izinin fita gari, na kowa da kowa don mutum ɗaya, abin da kake koya masa shi ne ƙoƙari da rashin ƙoƙari duk ɗaya ne a wajenka. Ka tuna wurin da aka ce musu yau hutu ne aka cika musu ciki da taliya, suna cikin ci aka busa usur wai a hau Currahee, suna gudu suna amai. Wani zai ce ai yaƙi ma ba ya sallama, gaskiya ne, amma yaran sun gane ba don yaƙi aka yi ba, an yi ne don a kunyata Laftanar Winters, ɗaya daga cikin hafsoshin kamfanin, da aka ɗora wa kula da kicin. Na yi aiki da malamai iri biyun nan. Akwai wanda horonsa ya fi na kowa zafi amma ranar yaye kurata su ke rububin ɗaukar hoto da shi, akwai kuma wanda bai kai shi zafi ba amma in ya shigo ɗakin cin abinci kowa sai ya yi shiru, kuma bambancinsu kawai shi ne na farkon ba ya hukunci sai da dalili kuma ba ya canza doka bayan an gama aiki.

Duk da haka da a ce wannan ne kaɗai laifin Sobel da sun haƙura da shi, sojoji sun bi mugayen kwamandoji da yawa zuwa yaƙi matuƙar sun san aikinsu. Matsalar ita ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, da aka bar filin fareti aka shiga atisaye a daji sai ta bayyana mutumin bai iya karanta taswira ba, yana rikicewa in abu ya canza, ba ya iya zama shiru a kwanton ɓauna, yana kai yaransa inda za a gama da su. A Ingila, ƙauyen Aldbourne inda aka sauke su a watan Satumba na 1943, ya ɓace da mutanensa a atisaye har wani soja mai iya kwaikwayon murya, George Luz, ya yi maganar wani manjo daga bayan shinge ya sa shi yanke wayar gonar mutane, shanu suka watsu a gari. A fim abin ya zo kamar wasa, amma ka sa kanka a matsayin sajan da ke tsaye a wurin. Kamar ka shiga motar haya da dare ne ka gane direban ba ya gani sosai, ga shi ba ya jin magana, kuma ba a tsayawa a hanya. Ba zafinsa ne ya dame su ba a lokacin, tsoro suke ya kai su ga mutuwa a banza.

Sai rikicinsa da Winters ya zo. Sobel ya matso da lokacin duba banɗakuna da minti 15, saƙon bai kai ga Winters ba, shi kuma ya rubuta masa takardar laifi ya ba shi zaɓi, ko ya karɓi hukuncin hana fas ko a kai shi kotun soja. Ya ɗauka zai sunkuyar da kai ne, Winters kuwa ya rubuta a ƙasan takardar cewa kotu yake so. Ana cikin haka aka ɗauke Winters daga kamfanin zuwa kicin ɗin bataliya, su kuma sajoji da suka ga mutumin da suka dogara da shi ya tafi sai suka haɗu suka rubuta takardu cewa sun ajiye igiyoyinsu, ba za su yi aiki a ƙarƙashin Sobel ba.

A nan ina so ka tsaya, don masu kallo da yawa suna tafa wa sajojin nan ba tare da sanin girman abin da suka yi ba. A dokar soja wannan tawaye ne, kuma a lokacin yaƙi hukuncinsa na iya kaiwa ga kisa. Ni ba zan taɓa ba wa ƙaramin soja shawarar ya bi wannan hanya ba, in aka buɗe ƙofar cewa kowane rukunin sajoji zai iya zaɓar kwamandan da yake so to babu sauran runduna. Abin da ya burge ni shi ne yadda Kanar Robert Sink, kwamandan rejimantin, ya warware ta. Ya hukunta jagororin, ya sauke wasu daga muƙami, ya nuna musu ba a yin haka. Amma kuma bai toshe kunnensa ba, ya gane cewa in mafi kyawun sajojinka sun yarda su sa wuyansu a igiya don kada su bi mutum, to saƙon ya fi ƙarfin a share shi. Sai ya ɗauke Sobel ya kai shi makarantar koyon tsalle a Chilton Foliat, wato wurin da baiwarsa take da amfani, ya kawo Laftanar Thomas Meehan. Doka ta tsira, kamfani ya tsira. Ga kuma ikon Allah, daren 6 ga Yuni 1944 jirgin da ya ɗauko Meehan da hedikwatar kamfanin aka harbo, babu wanda ya fita, kuma kujerar da Sobel zai zauna kenan da yana nan.

Yanzu dubi abin da ya faru a daren. Sojojin laima na Amurka kusan 13,000 aka zuba a Nomandi, gajimare da wutar igwa suka tarwatsa jiragen C-47, aka watsa mutane ko'ina, jakar da aka ɗaura musu a ƙafa ta tsinke wa da yawa, Winters kansa ya sauka babu bindiga. A nan horon Sobel ya yi aiki, don babu wanda ya zauna jiran oda, kowa ya tashi ya nemi 'yan'uwansa cikin duhu ya nufi inda aka ce. Amma da gari ya waye aka ce ga igwa 4 na Jamusawa a Brécourt suna luguden wuta kan hanyar fitowa daga gaɓar Utah, inda sojojin Amurka ke sauka daga teku, abin da ake buƙata ya wuce ƙarfin ƙafa. Winters da mutum goma sha kaɗan ya tunkari Jamusawa kusan 50. Kafin komai shi kaɗai ya rarrafa ya leƙo wurin da idonsa, sannan ya kafa mashin-gan biyu su danne kan abokan gaba, ya tura Laftanar Compton da mutum biyu ta gefe da gurneti, ya faɗa cikin ramin Jamusawan ya riƙa bin igwa ɗaya bayan ɗaya ta cikin ramin nasu, har Laftanar Speirs na wani kamfanin ya zo da mutanensa suka ɗauki ta huɗu. Ya kuma samo taswirar da ke nuna inda igwoyin Jamus suke a yankin. Wannan ba jarumta kaɗai ba ce, lissafi ne, kuma shi ne ainihin abin da Sobel ba shi da shi.

Kada kuma ka ɗauka Winters mai laushi ne. A garin Carentan na Nomandi da mashin-gan ta buɗe wuta yaransa suka kwanta a kwalbati suka ƙi motsi, tsakiyar titi ya tsaya harsashi na wucewa yana ihu yana harbin su da ƙafa su tashi, don ya san in suka zauna a nan igwa za ta same su. Mutumin da ba a saba jin ya ɗaga murya ba. A Holan ranar 5 ga Oktoba 1944 shi ya fara tashi da gudu a gaban mutum kusan 35 suka afka wa kamfani biyu na Jamusawa. Zafi yana da shi, sai dai yana ajiye shi ne sai ranar da zai ceci rai.

In kana son darasin shugabanci na gaske a fim ɗin, a ganina kashi na 7 ya fi na farko nauyi. Bayan an ɗaga Winters zuwa bataliya, daga baya kamfanin ya faɗa hannun Laftanar Norman Dike, shi ne da su a dajin Bastogne na Beljiyam, Disamba 1944, an kewaye su, babu kayan sanyi, harsashi kaɗan, igwa na farfasa itatuwa a kansu. Yadda fim ya nuna shi, Dike ba ya zagi ba ya gallazawa, kawai ba ya nan ne, in ana nemansa ya tafi yawo, in an tambaye shi ba ya yanke hukunci. Kuma wannan ya fi Sobel haɗari. Wanda ya riƙe kamfanin shi ne Saja Carwood Lipton, yana bi rami-rami yana duba ƙafafun yara, yana hana su zagin kwamanda a fili duk da shi ma ya san gaskiya, sannan ya je ya faɗa wa Winters damuwarsa a keɓe, ka ga bambancin wannan da hanyar da aka bi a Aldbourne. Duk wanda ya yi soja ya san kamfani a hannun samanja da sajoji yake rayuwa. Ranar harin ƙauyen Foy kusa da Bastogne, 13 ga Janairu 1945, Dike ya tsayar da mutane a fili ana harbinsu, Winters ya tura Speirs ya karɓi ragama a tsakiyar wuta, cikin 'yan mintoci harin ya ci gaba. Yaran dai su ne, horonsu bai canza ba, mutum ɗaya aka canza.

Sai kashi na 8 a garin Haguenau na Faransa, Fabrairu 1945, inda aka ba da odar a sake tsallaka kogi sintiri don kamo fursunoni bayan na daren jiya ya ci ran mutum ɗaya, yaƙi kuma ya kusa ƙarewa. Winters ya ce wa yaran su je su yi barci, da safe a rubuta rahoto cewa an je ba a samu kowa ba. Wannan saɓa oda ne da rahoton ƙarya, kuma har yau ina jin nauyinsa in na tuna, ba abu ne da zan koyar a aji ba. Amma ka lura wuyansa ya sa, ba na yaransa ba, in da ta tashi shi za a kama.

Ta ɓangaren adalci ga Sobel kuwa, akwai abin da ya kamata ka sani. Labarin nan daga bakin tsofaffin sojojin da suka ƙi shi aka tattaro shi, shekaru sama da 40 bayan abin ya faru, shi kuwa ya rasu a 1987 kafin littafin ya fito, babu wanda ya ji ta bakinsa. Bai gudu daga yaƙi ba, ya ci gaba da aiki a rejimantin a matsayin hafsan kula da kayan aiki, daga baya ya kai laftanar kanar. Ƙarshensa kuma abin tausayi ne, a 1970 ya yi yunƙurin kashe kansa, ya makance, ya ƙare rayuwarsa a gidan kula da tsofaffin sojoji. Haka Dike, ya tsira daga yaƙin ya rayu har 1989, kuma yana da lambobin yabo na jarumta da fim bai ambata ba. Kuskuren da ya fi fitowa fili shi ne na Albert Blithe a kashi na 3, an rubuta ya mutu a 1948 sakamakon rauninsa, alhali mutumin ya warke ya ci gaba da soja har 1967. Don haka ka kalle shi a matsayin yadda yaran Easy suka tuna abin, ba a matsayin hukuncin kotu ba. Masu fim suna buƙatar wanda za a ƙi a kashi na farko, David Schwimmer kuma ya taka rawar har ya yi yawa.

Wataƙila ka lura babu baƙar fata a cikinsu. Ba mantuwa ba ce, sojan Amurka a rabe yake a lokacin, sai 1948 Shugaba Truman ya sa hannu a soke wariyar. Akwai bataliyar laima ta baƙaƙe, ta 555, sun yi horo iri ɗaya amma ba a kai su fagen fama ba, kashe gobarar daji aka tura su a 1945. Kuma a daidai watannin da Easy ke Nomandi da Bastogne, kakanninmu na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suna dajin Boma suna fafatawa da Japanawa, da yawansu da Hausa ake ba su oda, wani lokaci abincinsu ma da laima ake jefo musu daga jirgi. Nasu labarin bai samu mai zuba masa dala miliyan 125 kamar yadda aka kashe wa fim ɗin nan ba, kuma abin yana ci mini rai.

Shawarata, in ka gama duka goman ka koma ka kalli na 1 da na 7 a jere, amma a wannan karon ka bar kallon hafsoshin, ka sa ido kan sajoji, Lipton da Guarnere da Martin da Randleman, ka ga abin da suke yi a bayan kowane kwamanda da aka kawo musu. Kuma kashi na 9, inda suka tarar da sansanin gwale-gwale kusa da Landsberg a Jamus a Afrilu 1945, kada ka kalle shi da yara a ɗaki.